Ni Ce

Masu karatu, yau ban zo muku da fara'a ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba. Ku da kuka saba turo min saƙo kuna cewa, "Ki riƙe Mai Agogo hannu bibbiyu, irinsa sun yi ƙaranci," ku gyara zama. Yau da ku nake.

Ga wanda bai san ni ba, malama ce ni a jami'a, ina koya wa 'yan shekarar farko ƙididdiga. Shekarata ta biyu ke nan, wato har yanzu a gwaji nake, ba a tabbatar da ni a aiki ba. Mai Agogo kuwa abokin aikina ne, sashenmu ɗaya, kuma shi ne mutumin da danginsa za su zo wurin Baba ranar Asabar ɗin nan neman aurena. Ni na raɗa masa sunan, saboda wani ƙaton agogo da yake ɗaurawa mai nauyi kamar kwaɗon ƙofa, amma tunda nake da shi bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba. Da can, in na faɗi sunan har wani daɗi nake ji a bakina.

A makarantarmu, ƙarshen kowane zango ɗalibai ke ba malamai maki, daga ɗaya zuwa biyar, su rubuta abin da suka ga dama ba tare da sun sa suna ba. Wanda ke gwaji sai ya samu uku da rabi kafin a tabbatar da shi. In bai samu ba, kwamiti ya zauna a kansa.

Ajinmu na bana ya yi yawa, sai aka raba shi biyu, rabi nawa, rabi nasa. Darasi ɗaya, jarrabawa ɗaya, bayanan da aka raba wa ɗalibai ma ɗaya ne, kuma ni na rubuta su. Sannan akwai shafin makaranta inda ɗalibai ke turo tambayoyi malami ya amsa da sunansa. A sati na uku Mai Agogo ya same ni a ofis, ya kwantar da kai, ya kashe murya.

"Malamata, ki taimake ni. Rubutun digirina ya sha min kai. Ga lambar sirrina, ki riƙa amsa wa yarana tambayoyi. Sati biyu kawai."

Na san laifi ne. Mun sa hannu a takarda cewa ba mai ba wani lambarsa. Amma kun san zuciya in tana so, ba ta karanta takarda. Sati biyu suka zama sha uku. Kullum da yamma in na dawo gida, na cire mayafi, na haɗa shayi, sai in buɗe kwamfuta a kan teburin guga. In rubuta amsa in tura wa yarana da sunana, in fita, in shiga da lambarsa, in manna wannan amsar dai in tura wa nasa da sunansa. Ko waƙafi ba na canzawa.

Ranar Litinin sakatariyar sashenmu, wata dattijuwa da ba ta cika magana ba, ta miƙo min ambulan. Ba ta kalle ni ba. Na buɗe, makin da ɗalibai suka ba ni ne.

Biyu da ɗigo takwas.

Shi kuwa, huɗu da ɗigo shida. Ba sai na tambaya ba, ya riga ya ɗauki hoton tasa takardar ya turo min, shafi-shafi, da 'yan zane-zanen wuta da tafi.

Na rufe ƙofar ofis na jera takardun biyu a waya da tebur. Bari in karanta muku, don kada ku ce son kai nake.

Nasa: "Dakta ya san aikinsa." "Dakta ba ya wasa da lokaci, ya koya mana tsari." "Ko yaushe ka yi tambaya Dakta zai amsa, Allah ya ƙara girma."

Nawa: "Anti faɗa gare ta." "Anti ta iya ɗaurin ɗankwali amma ba ta murmushi." "Muryar Anti tana sa min ciwon kai." "Na kawo aiki a makare ta ƙi karɓa, kamar ba mace ba." Wani ɗan albarka kuma ya rubuta, "A samo wa Anti miji ko ta huce."

Kun lura da sunayen? Shi Dakta, ni Anti. Ni da na gama digirin dakta shekara uku da suka wuce, na sha baƙar wahala a kansa har gashin gaban kaina ya zube, ni ce Anti, sai ka ce mai sayar musu da turare. Shi da har yau yake fama da babi na uku, shi ne Dakta. Ranar farko na rubuta sunana da muƙamina a allo da manyan baƙaƙe. Kafin in juyo wata ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, yaushe malamin zai zo?"

E, wata. Kada ku ɗauka samarin ne kawai. Rubutun 'yan matan ma na gane shi, kuma shi ya fi ci min rai. Su ne ke cika min ofis da kuka in saurayi ya yaudare su, su ƙarar min da tishu, su sha min ruwa, su tafi. Ko sau ɗaya ban ga wadda ta je ta yi wa Dakta kuka ba.

Amma duk wannan ba shi ya tsaya min a maƙoshi ba. A takardar akwai wani sashe na musamman, yadda malami ke amsa saƙonni. Shi huɗu da ɗigo tara. Ni biyu da ɗigo huɗu. Jama'a, hannu ɗaya ne ya rubuta. Wannan hannun nawa mai ƙunar dutsen guga.

Akwai ma ranar da na yi kuskure a amsar tambaya ta bakwai a wani ɗan gwaji, na rubuta saƙon ban haƙuri na tura wa ɓangarorin biyu. Yaransa suka rubuta, "Dakta babban mutum ne, in ya yi kuskure yana amsawa." Nawa suka rubuta, "Anti ba ta san aikinta ba, ita da bakinta ta ce ta yi kuskure."

Na tattara takardun na nufi ofishinsa. Na same shi ya ɗora ƙafa kan ƙafa, farar rigarsa ta sha guga, ƙamshin turaren da na saya masa ya cika ɗakin.

"Malamata! Kin ga abin arziki?"

Na ajiye masa tawa a gabansa. Ya karanta, ya ɗan cije leɓe. Da ya zo kan maganar samo min miji, wallahi sai da ya murmusa.

"Wannan kam an kusa biya masa buƙata."

"Dariya ma abin ya ba ka?"

"Haba, yara ne fa. Me suka sani?"

"Yaran da ba su san komai ba ne suka ba ka huɗu da ɗigo shida ka turo min da tafi?"

Ya sauke ƙafar. "To, gaskiya ke ma kina da ɗan zafi a aji. Da kina ɗan sakin fuska..."

"A saƙo ma fuskata suke gani? Ranar Alhamis kwamiti zai zauna a kaina. Abu ɗaya nake so. Ka zo ka faɗa musu ni na rubuta saƙonnin nan duka, su ga da idonsu cewa ba aikin ake aunawa ba, sunan da ke ƙasa ake aunawa."

Ya tashi ya leƙa waje, ya tura ƙofa, ya dawo yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kin san me kike cewa kuwa? Ba da lambar sirri laifi ne. Ni za a kama, ke ma a kama ki. Mu biyu za mu rasa."

"Yanzu kuma ni kaɗai zan rasa."

"Ba rasawa ba ce. Ki duba, ko da abin ya zo da tsautsayi aka sallame ki, ai ni ina nan. Gida ɗaya za mu zama. Aikina aikinki ne."

Aikinsa aikina ne kam, wannan gaskiya ya faɗa, ko da yake ba haka yake nufi ba. Na kwashi takarduna na fita, ban ko ja masa ƙofar ba.

A gida na tarar falo ya zama kamar shagon tela. An sauke tsofaffin labule, Mama tana kan kujera tana rataya sababbi masu ruwan zuma, Gwaggo, yayar Baba, tana zaune a ƙasa tana goge kofunan baƙi waɗanda ba a taɓa shan komai a cikinsu ba tunda aka haife ni. Tun sati biyu da suka wuce ta tare a gidanmu wai ta zo taya aiki, amma umarni kawai take bayarwa.

Gwaggo ta ce, "Ga amarya, ga amarya! Me ya samu fuskar kamar an aiko miki da mutuwa?"

Ban yi niyyar faɗa ba. Amma da Mama ta sauko ta taɓa min goshi, sai bakina ya ɓalle. Na zayyana musu komai.

Gwaggo ta ajiye kofi. "To ni ban ga abin tashin hankali ba. Yaro ya ci, ke kin faɗi. Da a ce wani can ne ya ci, sai a yi baƙin ciki. Mijinki ne fa."

"Gwaggo, ba shi ya ci ba. Ni na ci, aka rubuta sunansa."

"To sunan wa kike so a rubuta? Ke wai da mijinki za ki yi gasa? Shekararki talatin da ɗaya, auta. Karatun nan mun zuba miki ido kin yi har ya ishe ki. Yanzu Allah ya kawo mai hankali, ɗan mutunci, za ki je ki tsaya gaban manya ki kunyata shi kwana biyu kafin zuwan iyayensa? Wa zai ƙara tako ƙofar gidan nan?"

Na juya wurin Mama, don ita nake sa ran za ta fahimta. Tana ta murza gefen labule a hannunta.

"Auta, shekara ashirin da shida ni nake rubuta wa Babanku rahoton ofis. A kan teburin can. Har lambar yabo aka ba shi a kan iya rubutu. Kin ga na mutu?"

Ban taɓa sani ba. Lambar tana nan rataye a falo, kullum Mama ke goge ta. Na kalli lambar, na kalli Mama, na rasa ko tausayi nake ji ko haushi.

"Mama, ba ki taɓa jin ciwo ba?"

Ta koma kan kujera ta ci gaba da rataya. "Miƙo min wancan ƙarfen."

Ranar Laraba da la'asar ina kwance a ɗaki, rigar da tela ya kawo ta ranar Asabar tana rataye a jikin ƙofa, mai ruwan ganye da ɗinkin zare a wuya, sai saƙonsa ya shigo.

"Malamata, kin huce?"

Ban amsa ba.

"Albishirinki. An zaɓe ni gwarzon malamin sashe na bana."

Ban amsa ba.

"Za a so in yi ɗan jawabi. Ko za ki ɗan tsara min? Kin fi ni iya sa magana a layi."

Masu karatu, na rantse muku sai da na duba lambar wayar sau biyu, ko wani ne yake min wasa. Na kifa wayar a kan katifa, na danna fuskata cikin matashi na yi ihu.

Safiyar Alhamis na canza mayafi sau uku. Baƙi, za su ce na zo faɗa. Ja, za su ce na zo kwalliya. Na ɗauki mai ruwan toka. Sai na kama kaina a gaban madubi ina gwada murmushi, ƙarami, matsakaici, wanda ba zai tsorata kowa ba. Ban taɓa jin haushin kaina irin na lokacin ba.

Ɗakin taron yana da dogon tebur da fanka mai ƙara. Farfesa, shugaban sashenmu, yana zaune a kai da tabarau a kan hanci, malamai biyu a gefensa, sakatariya a can ƙarshe da littafinta. Sai kuma Mai Agogo. Ƙarfe goma aka ce, goma saura ya riga ni zama. Karon farko a tarihi. Na ce a raina, ya yi tunani, ya zo ya faɗi gaskiya. Har na ji kunyar zagin da na kwana biyu ina yi masa a zuci.

Farfesa ya yi gyaran murya. "Malama, mun duba. Ɗalibanki sun ci jarrabawa, har sun ɗan ɗara na ɗaya ɓangaren. Wannan ba mu musa ba. Amma koyarwa ba cin jarrabawa kawai ba ce, akwai iya zama da mutane. A nan kike da rauni."

"Na ji, Farfesa."

"Ba ma so mu sallame ki. Za mu ƙara miki zango ɗaya na gwaji, bisa sharaɗi. Za ki riƙa zama a bayan ajin abokin aikinki kina ganin yadda yake yi. Shi ya sa muka gayyato shi, kuma ya amince. Sannan mun sa an ciro wasu daga cikin saƙonninsa ga ɗalibai, don su zame miki abin koyi."

Sakatariya ta taso ta ajiye wa kowa 'yan takardu da aka haɗa da ƙusa. Na duba shafin farko. Maganata ce. Na biyu, maganata. Har misalin da na ba su na auna tsawon 'yan gidanmu, da na ce akwai wata gajeruwar gwaggo da ke ja mana matsakaicin tsawon zuwa ƙasa. Wai ni za a ba wannan in je in haddace.

Na ɗago na kalle shi. Agogonsa yake gyarawa.

"Shafi na huɗu," in ji Farfesa. "Wannan ɗalibai sun fi ambatonsa. Malam, karanta mana da bakinka, ta ji yadda ake ba da haƙuri ba tare da an zubar da girma ba."

Saƙon tambaya ta bakwai ne. Na ɗora yatsa a kan layin ina bi. Ya fara da muryarsa mai daɗin nan da ta sa na ba shi lambar wayata tun farko.

"Ɗalibaina, kada ku ga laifin kowa."

Sai ya tsaya. Tsayawar ba ta kai ta numfashi ɗaya ba, amma na ji ta. Idona ya riga bakinsa isa wurin. Ni kaina ban san haka na rubuta ba, sai a lokacin. Ranar a gajiye nake, na manna na tura ban duba ba. Ga shi baƙi a kan fari, a saman sunansa: Ni ce na yi kuskure a tambaya ta bakwai, kuma ni ce zan gyara kafin gobe.

Ya ci gaba, sumul, ko tuntuɓe babu.

"Ni ne na yi kuskure a tambaya ta bakwai, kuma ni ne zan gyara kafin gobe."

Sau biyu. Ba suɓutar baki ba ce, gani ya yi ya gyara. A gabana, ina zaune, ya goge ni daga cikin maganata.

Ɗalibai ɗari da tamanin sun karanta "ni ce" sun ga namiji. Farfesa da tabaransa ya karanta ya ga namiji. Ba wanda ya yi tuntuɓe da ita, saboda sun riga sun gama yanke wanda ya iya kafin su fara karatu. Sakatariya kaɗai na ga ta daina rubutu, biro a tsaye, tana kallona ta saman littafinta.

Wayata ta yi motsi a cinyata. Hannunsa ɗaya yana ƙarƙashin tebur.

"Ki rufa min asiri. Jibi ne fa."

"Kin ji ko?" in ji Farfesa, yana turo min takardar sharaɗi da biro. "Haka ake yi. Sa hannu a nan."

Na ɗauki biron. Na tuna labule masu ruwan zuma. Na tuna rigar da ke rataye a ƙofa, da kofunan Gwaggo, da Baba da ya sa aka wanke masa babbar riga tun Talata. Na san in na buɗe baki, laifin lambar sirri zai hau kaina kamar yadda zai hau kansa, kuma mai gwaji ake fara kora. Sai kuma na tuna Mama a kan kujera, da lambar da take gogewa shekara da shekaru.

Na ajiye biron.

"Farfesa, a gafarce ni. Akwai gyara a karatun. Ba haka aka rubuta ba."

Mai Agogo ya yi wata 'yar dariya. "Kuskuren bugawa ne kawai, Farfesa. Wajen kwafa ne aka..."

"Ni ban buga komai ba," in ji sakatariya. Tunda na zo sashen ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba. "Yadda yake a shafin haka na ciro shi."

Farfesa ya tura tabaransa sama, ya kawo takardar kusa da fuska. Leɓunansa suna motsi. Ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa. Ɗakin ya yi tsit, ban da fanka da ƙaton agogon nan da ban taɓa sanin yana ƙara ba.

Ya sauke takardar a hankali. Bai kalle ni ba, shi ya kalla.

"Malam, wace ce wannan da ke magana da sunanka?"

Mai Agogo ya buɗe baki. Ya juyo gare ni da idanun nan da suka sa na yi masa sati sha uku ina bauta. Ban bari ya ƙara karanta min maganata ba. Ban yi murmushi ba, ko ƙarami.

"Ni ce."